Saƙar Ɗiyar Fari

Duk jaririn da aka haifa a danginmu cikin shekarun nan, in ka duba hoton ranar sunansa za ka ga hulata a kansa. In an ce yabon kai ne, to na yi, ai ba sata ba ce. Ni nake saƙa su da kwarashi da zaren ulu a ɗakina a Gidan Igwai, kuma har yau ban ga ta kasuwa da ta zauna a kan yaro kamar tawa ba. Ta kasuwa ko dai ta matse goshi har ta bar shaida, ko ta zamo ta rufe wa yaro ido. Tawa in ta hau kai sai ta yi zamanta.

Mutane kan yi mini dariya. Wai a Sakkwato, garin da zafi ke koro mutum daga ɗaki ya kwana a tsakar gida, a nan na ga ya dace in zama mai saƙar ulu. Maigidana ma yana cikin masu tsiyar. In ya shigo ya tarar da ni da dunƙulen zare a cikin kwano yakan ce, "Malama, yau ma Turai za a aika?" Na san da zarar ɗari ya sauko shi ne na farko da zai zo yana shafa sanƙo, yana tambaya ko akwai wadda ta rage, don ya samu ta zuwa masallaci da asuba.

A makarantar kwana na koyi saƙa, wajen malamar da ke koya mana girki da ɗinki, daga baya na watsar da ita shekara da shekaru. Karatu ne ya maido ni. Ni mayyar littafi ce tun ina yarinya, na labari, na tarihi, har wanda bangonsa ya cire ban san wa ya rubuta ba. In na dawo daga makarantar da nake koyarwa, kaina cike da hayaniyar 'yan mata, hutuna shi ne in yi salla, in ci abinci, in buɗe littafi. Sai na lura ido na aiki amma hannu ba shi da abin yi sai kai gyaɗa baki. Da zannuwana suka fara ƙin zagaye ni, na ce a'a, gara a samar wa hannun nan sana'a. Na tono tsohon kwarashina a ƙasan akwati.

Yanzu haka nake yi: in jingina littafin a jikin filo, in danne shafin da wayata, ido na bin layi, hannu na bin zare. Hannu ya san hanyarsa, ba ya neman a duba shi sai wajen ƙari ko ragi. Illarsa ɗaya, abin da ke cikin littafin yakan sauko cikin saƙar. In labari ya kwanta, saƙa ta yi laushi. In rigima ta tashi sai in riƙa jan zare ban sani ba. Akwai wata hula da na yi wa ɗan ƙanena, a daidai tsakiyarta marubucin ya kashe mutumin da na fi so a littafin, ba gaira ba dalili. Da na ɗaga ta na duba, ko kan 'yar tsana ba za ta shiga ba. Na warware ta ina zagin marubucin.

Ba na sayarwa. Wadda ta zo ta ce in yi mata na sayarwa nakan nuna mata hanyar kasuwa. Kyauta nake yi, hula da safa ga mai jego, mayafin ulu ga tsoho, 'yar jakar waya ga abokiyar aiki. Daɗin da nake ji in na ga abin hannuna a jikin mutum, shi ne ladana, kuma ya ishe ni. Kowa a dangi ya sa saƙata ya yi godiya. Mutum ɗaya ce kawai ba ta taɓa sa abin da ya fito daga hannuna ba, ita ce Inna, wadda ta haife ni.

Ni ce ɗiyarta ta fari. Inna kuwa ta mutanen da ce, da jinin Fulani ta wajen uwa, irin masu riƙe kunyar ɗan fari kamar farilla. Ana yaye ni Gwaggo, yayar mahaifinmu, ta ɗauke ni, a hannunta na girma. Ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. Da ina ƙarama "waccan" nake, da na yi aure na koma "ta Gidan Igwai". In na je gidanmu a Ƙofar Marke nakan durƙusa daga bakin ƙofa in gaishe ta, ta amsa tana kallon wani wuri. Ƙannena kuwa su haye gadonta, su buɗe kwanonta, su yi mata musu. In tana da magana da ni, ko ina zaune a gabanta, sai ta juya ga autarmu ta ce, "Ki ce ma ta Gidan Igwai kaza." Auta ta juyo ta maimaita mini abin da na riga na ji da kunnena.

Na san al'ada ce. Na karanta a littafi, na ji a bakin manya, na ma tsaya a gaban aji na yi wa ɗalibai bayaninta da kyau har suka rubuta. Sanin bai hana abin ci mini rai ba. Duk abin da na kai mata, atamfa ce ko turare ko takalmi, amsa ɗaya ce: "An gode. A aje can." Bayan kwana biyu in gan shi a jikin wata. Inna ba ta raina kyautata ba, na sani. A wajenta dai, a ga abin ɗiyar fari a jikinta, kamar ta fito tsakar unguwa ne ta ce ga wadda nake so.

Shekarar da ta yi wani dogon zazzaɓi, ta tashi da ciwon kunne. Likita ya ce a kiyaye mata iska mai sanyi, ga ɗari ya kawo kai, ga Inna ba ta yarda a dafa mata ruwan alwalar asuba, wai ba ta tsufa haka ba. Sai ta toshe kunnen da auduga ta naɗa tawul a kai. Na ce to, yau ga ranar sana'ata. Na zauna na yi mata hula ruwan ƙasa, mai laushi, wadda za ta rufe kunne kuma ta shige ƙarƙashin ɗankwali ba a gani. Na kai mata da hannu biyu.

"An gode. A aje can."

Da na koma mako na gaba, tun daga bakin lungu na hango hulata a kan tsohuwar da ke sayar da ƙuliƙuli a maƙwabta. Har ta tsayar da ni ta yi mini addu'a, ta ce tun da ta samu hular nan take barci. Na amsa da amin na wuce. Na koma gida na yi wata, ruwan toka, na ce wataƙila launin ne bai yi mata ba, alhali na san ƙarya nake yi wa kaina. Wannan kuma matar kawunmu ce ta zo gaisuwa ta tafi da ita.

Ranar da na ji, na je gidan na ja Auta muka shiga madafa na sauke mata kwandon faɗa, ita da ba ta ci ba ba ta sha ba. Na ce, "Wai ni tsintata anka yi? Kunnenta na ciwo, ni ka saƙa ma duk garin ga hula, ita tana yawo da tawul kamar mai fitowa wanka."

Auta ta bari na gama. Ta girme wa shekarunta a wayo, yarinyar nan. Ta ce, "Yaya, ki yi wata ki ba ni. In ce mata kasuwa na gani na sawo."

Na ce Allah ya kiyaye. Saƙata, a kira ta ta kasuwa? Na ɗauki jakata na fita ko sallama ban yi mata ba.

Amma na fito ta gaban ɗakin Inna, na gan ta zaune ta dafe kunnen da tafin hannu, ido a rufe, ba ta san ana kallonta ba. Ta rame, wuyanta ya yi tsawo. A cikin napep har na isa gida abin da nake gani ke nan. Tsoro ya kama ni, tsoro na gaske, cewa matar nan za ta bar duniya ba ta taɓa jin ɗumin abin da na yi da hannuna ba. Na auna wannan da girman kaina, na ga girman kan bai kai ba. Na kira Auta na ce na yarda.

Na shiga Tsohuwar Kasuwa na yi ta juya zare har mai shagon ya gaji da ni, na zaɓi shuɗi mai duhu, irin launin zanen rini da tsofaffi ke so. Wannan hula kaɗai ce na saƙa ba littafi a gabana. Na rufe shi na ɗora a kan gado, don ba na son wani marubuci ya sa mini hannu a cikinta. Sannan na bi na ɓoye kaina. Hulunana duka suna da wani baki mai lanƙwasa da kowa a dangi ya san shi, na bar shi. Ba ado, ba tuntu, na yi ta shafal kamar ta kanti. Auta ta sa ta a ledar wani shago ta kai.

Washegari da hantsi ta kira ni a waya, ina ofishin malamai. Ta ce, "Ta sa."

Na ce to, na kashe wayar, na zauna ina murmushi ni kaɗai har wata malama ta tambaye ni ko albishir aka yi mini. Ranar Juma'a na je. Ga bakin shuɗin yana leƙowa ta ƙarƙashin ɗankwali, ya rufe kunnuwa ruf, babu auduga babu tawul. Ta zauna mata kamar a kanta aka saƙa. Ina durƙushe ina gaisuwa wata ƙanwar babanmu ta yaba hular, Inna ta ce, "Auta ta sawo. Ita ta san abin da tsoho ka so." Auta ta sunkuyar da kai. Ni kuwa daɗi da haushi suka haɗu mini wuri ɗaya. Haka muka ci tsakiyar ɗarin nan, Inna da hularta, Auta da yabonta, ni da bakina a rufe.

Wata Asabar, sanyi ya fara ja da baya, na je da safe na tarar an yi baƙuwa. Ƙawar Inna ce tun suna 'yan mata, daga Kwalkwalawa, ta zo duba ta da ƙullin shinkafa da kifi busasshe. Hajiya muke ce mata. Mace ce mai baki, in tana gida ba a jin muryar kowa. An shimfiɗa musu tabarma a tsakar gida inda rana ke sauka, Auta na dama fura, ni na samu gefe na zauna kamar kullum.

Suna cikin hira Hajiya ta kai hannu ta taɓa bakin hular. Ta ce, "Ke, wagga hula hwa? Kawo in gani."

Ba namiji a gidan, Inna ta kwance ɗankwali ta cire ta miƙa mata. Hajiya ta juya ta, ta shafa a kumatu, ta tambayi inda aka samo. Auta ta yi caraf ta ce kasuwa.

"To ni ma kunnen ga nawa iska ka shiga," in ji Hajiya. "Can wurinmu bakin fadama sanyi ya hi nan. Ba a bar man ita?"

Duk wanda ya san Inna ya san ba a yaba abinta sau biyu, balle aminiyarta ta roƙa da baki. Auta ta daina dama fura ta dube ni. Ni kuwa na kafa ido a kan tabarma ina jiran in ji an ce ɗauki.

Inna ta miƙa hannu ta karɓi hular. Ta kifa ta a gwiwa, ta ɗora babban yatsa a tsakiyarta, inda saƙa ke farawa. Inna masaƙiyar faifai ce tun tasowarta, da wuya ka shiga ɗakin amarya a unguwarmu ba ka ga faifanta a bango ba, sai da ido ya raunana ta ajiye kaba. Ta bi zagayen da yatsa a hankali.

Ta ce, "Wace kasuwa? Wagga ba ta ga kasuwa ba. Dubi nan. Faifai in kin aza cibiya, nan shika bi. Wagga baya ta bi. Saƙar hagu ta."

Ni bahaguwa ce. Gwaggo ta yi fama da ni da tsinken tsintsiya har na koma ci da dama, rubutu da dama, karɓa da bayarwa da dama, ta yadda ko abokan aikina ba su sani ba. Saƙa kaɗai ta tsira, don malamar da ta koya mini ta ga na kasa, ta zaunar da ni a gabanta muna fuskantar juna ta ce in yi yadda hannuna ya so. Mai saƙa da hagu kuwa zagayensa juyawa yake yi, kishiyar na dama. Na cire baki, na cire ado, na canza leda, na manta da hannun da ya yi aikin. Ban ma taɓa kawowa a raina ba, don ban taɓa riƙe kwarashi a gaban Inna ba, kuma a zatona matar da ba ta kallona ba ta san da wane hannu nake komai ba.

Hajiya ta ce, "To wa ab bahago gidan ga?"

Inna ba ta ɗago ba. Ta ce, "Mai ita. Tun tana rarrahe da hagu taka ɗaukar abu. In an sa mata ga dama, ta maishe shi hagu."

Ban san lokacin da idona ya cika ba. Shekaruna sun haura arba'in, ina da 'ya'ya har da mai shirin aure, ban taɓa jin Inna ta ba da labarin ƙuruciyata ba ko da kalma ɗaya. Ashe tana da shi a ajiye. Ashe kuma tun ranar da Auta ta miƙa mata leda ta san hular wa ta sa, ta bar mu muna ta wayonmu. Wanda ya riga ka kwana dole ya riga ka tashi.

Hajiya ta waiwayo ta dube ni sama da ƙasa ta kwashe da dariya. Ta ce, "Au, ke ta? Lalle barewa ba ta gudu ɗanta shi yi rarrahe." Sannan ta koma kan Inna. "To ai magana ta ƙare. Tunda masaƙa gida take, ki ba ni wagga, ta yi miki wata."

Nan ne na fid da rai gaba ɗaya. Da, hular Auta ce, ana iya sa ta a gaban kowa. Yanzu an faɗa a fili ta ɗiyar fari ce, a gaban baƙuwa, kuma da bakin Inna. Na san abin da kunya ta ce a yi, na ga an yi sau biyu. Har na fara lissafin ko zaren shuɗin da ya rage zai isa wata, da kuma ta hannun wa zan biyo da ita wannan karon tunda asirin Auta ya tonu.

Inna ta kaɗe hular, ta buɗe ta da hannu biyu, ta sa a kanta. Ta ja ta ta rufe kunnuwa, ta ɗauki ɗankwali ta ɗaura a kai.

Ta ce, "Na ba da biyu. Wagga tawa ta."

Inna ta juya wajen Auta, ni ina zaune ko taku biyu babu tsakaninmu.

"Ki ce ma ta Gidan Igwai, in da hali a yi ma baƙuwa tata, kada ta tahi tana zagina. Tawa kuma in za a sake, a ƙara tsawo wajen ƙeya."

Auta ta juyo tana danne dariya, ido ya yi mata ja ita ma, ta buɗe baki za ta maimaita. Na riga ta. Na ce, "Ki ce mata na ji."

An yaba mini saƙa a gidajen suna ba iyaka, an ɗauki hotonta, an roƙe ni har da kuka. Ban taɓa jin kaina ya yi girma irin na wannan safiya ba, kuma ban ji kunyar hakan ba. Na gyara zama na karɓi furar da Auta ta miƙo, na sha a hankali, ban yi saurin tashi ba kamar yadda na saba.

Inna ta koma hirarta, tana tambayar Hajiya mutanen Kwalkwalawa da yadda shinkafa ta yi bana, wa ya mutu, wa ya aurar. Hantsi ya ɗaga, rana ta cika tsakar gidan, Hajiya ta yaye mayafinta tana fifita da faifai. Ina kallon gumi yana tsattsafo wa Inna a goshi, yana gangarowa ta gefen kunne. Auta ta ce, "Inna, zafi ya yi, ki cire mana." Ta yi kamar ba ta ji ba. Da ita a kanta ta raka baƙuwarta har zaure.